Tambaya: ta ina za mu fara amfani da bayanan aiki don gyara inganci da tafiyar aiki a ɗakin histoloji?

Shugabar Sashe ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan ɗakunan gwaji. Ni ce ke kula da sashen histoloji a wani asibiti, inda muke karɓar tsokar da aka ciro daga jikin marasa lafiya, mu jiƙa ta a fomalin (sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa), mu sarrafa ta a inji, mu dasa ta cikin kaki, mu yanka, mu rina, sannan mu miƙa wa likitocin fatoloji su duba a madubin likita. Abin da ya kawo ni nan shi ne koke-koke suna zuwa mana ta fuska biyu, kuma ba mu da abin da za mu auna gaskiyarsu da shi. Likitocin tiyata suna cewa sakamako yana daɗewa, su kuma likitocin fatoloji suna cewa silaid ɗin (gilashin da ake ɗora siririn yankan tsoka a kai) da suke mayarwa a sake yankawa ya yi yawa. Idan aka zauna taro aka tambayi inda jinkirin yake, masu karɓar samfur sai su nuna ɗakin tiyata, masu yanka su nuna injin sarrafawa, a tashi ba tare da an tsayar da magana ɗaya ba.

Manhajar asibitinmu lokaci biyu kawai take ajiyewa, wato ranar da samfur ya shigo da ranar da likita ya sa hannu a rahoto. Duk abin da ya faru a tsakani yana cikin littattafan rajista da ake cikewa da hannu, kuma babu mai buɗe su sai ranar da wani abu ya ɓace. Yanzu hukumar asibiti ta buƙaci mu riƙa kawo ma'aunan inganci saboda shirin neman shaidar ISO 15189 ta ingancin ɗakunan gwajin asibiti, wasu kamfanoni kuma sun fara tallata mana manhajojin bin sawun samfur masu allon nuna bayanai kala-kala. Ina roƙon waɗanda suka riga mu bin wannan hanya su faɗa mini: waɗanne bayanai ne ya kamata mu fara tattarawa, kuma shin dole ne sai an sayi sabuwar manhaja kafin a ga wani canji?

Tsohon Ma'aikacin Maikrotom ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tun da lokaci biyu kawai kuke da shi, abin da kuka sani shi ne tsawon tafiyar, amma ba ku san inda aka tsaya a hanya ba, don haka aikinku na farko shi ne ƙara lokutan da ake rubutawa. Duk inda samfur ya bar hannu ya koma wani hannun, a rubuta rana da sa'a da minti: lokacin karɓa, lokacin da aka yayyanka tsokar aka sa ta a kaset (ƙaramin akwatin roba da ke ɗauke da ita), lokacin shiga injin sarrafawa da na fitowa, lokacin dasawa a kaki, lokacin yanka a maikrotom (na'urar yanka tsoka siriri), lokacin gama rini, da lokacin da tiren silaid ya isa teburin likita. Da waɗannan kaɗai za ki ga abin da kusan kowane ɗakin histoloji yake gani idan ya auna kansa, cewa mintocin da hannu yake taɓa samfur kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan lokacin yana tafiya ne a zaman jira.

Babban wurin jiran da nake so ki sa wa ido shi ne ƙofar injin sarrafawa. Shirin da aka saba da shi na dare yana cin sa'o'i goma sha biyu ko fiye, yana bi da tsokar ta cikin fomalin, alkohol mataki-mataki, zailin (sinadarin da ke fitar da alkohol ya ba kaki hanya), sannan narkakken kaki mai zafin kusan digiri 60. Saboda sau ɗaya ake tayar da shi a rana a wurare da yawa, kaset ɗin da ya makara da minti goma ya yi asarar yini guda cur. Idan bayananki suka nuna cewa samfuran ɗakin tiyata a dunƙule suke isowa da yamma, dab da rufe inji, to maganin jinkirinku yana wajen mai ɗauko samfur da lokutan zagayensa, kuma ƙara wa masu yanka matsin lamba ba zai rage ko sa'a ɗaya ba. Haka nan ƙananan samfuran bayofsi (ɗan gutsuren tsoka da ake tsinka domin gwaji), waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba, suna iya bin gajeren shiri da rana idan fomalin ya riga ya kama su, amma ba za ki iya shawo kan hukuma ta amince da canza jadawali ba sai kin nuna mata yawansu da lokacin isowarsu.

Game da sayen kaya kuwa, idan kuɗin abu ɗaya kawai za a ba ki, ni shawarata ki nemi na'urar buga bakod (lambar zane da na'ura ke karantawa) a kan kaset da silaid, tare da ƙaramar na'urar karanta shi a kowane tebur. Duk wanda ya zauna gaban maikrotom ya san yadda lambar da aka rubuta da fensir a goshin kaset take komawa bayan ta kwana a zailin kuma kaki ya lulluɓe ta: 3 ta zama 8, 1 ta zama 7, kai kuma kana kwafe ta da hannu zuwa kan silaid yayin da yankan yake shawagi a ruwan ɗumi. Bakod mai murabba'i yana kawar da wannan kwafin, domin mai yanka zai karanta bulok ɗin da ke gabansa, wato dunƙulen kakin da tsoka ke ciki, na'ura ta buga silaid ɗin wannan bulok kaɗai, a daidai wannan lokacin. Dakta Richard Zarbo da abokan aikinsa a asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka, waɗanda suka ɗauko tsarin aikin kamfanin Toyota suka shigar da shi ɗakin fatoloji, sun wallafa a 2009 cewa kura-kuran musanya lamba sun ragu ƙwarai bayan sun koma aiki da bakod, musamman a matakin silaid. Ƙarin amfaninsa shi ne kowane karantawa yana ajiye lokaci da kansa, ba sai wani ya duba agogo ya rubuta ba.

Sharaɗi ɗaya ne: a karanta bakod lokacin da ake aikin. Na ga wuraren da ma'aikaci yake tara bulok talatin ya karanta su a jere kafin ya fara yanka, ko ya buga silaid ɗin dukansu ya jera a tebur. Wanda ya yi haka ya mayar da haɗarin musanya inda yake, sannan ya cika kwamfuta da lokutan ƙarya.

Mai Nazarin Bayanai ya amsa:

Na yarda da Malam a kan lokuta, amma ina da ɗan saɓani da shi a kan jiran na'ura. Malama, kada ki dakatar da komai har sai bakod ya zo, domin sayen kaya a asibiti yana iya ɗaukar watanni. Takarda ɗaya da ke bin kowane rukunin samfur, da jadawalin Excel da mutum ɗaya zai riƙa shigar da ita kullum kafin a tashi, sun isa a fara. Abin da ya fi manhaja wuya shi ne amincewa a kan ma'anar abin da ake ƙirgawa. Shin kwanakin aiki kuke ƙirgawa ko har da ranakun hutu? Agogo yana fara tafiya ne daga lokacin da aka ciro tsoka ko daga lokacin da ta iso gare ku? Idan likita ya nemi a ƙara zurfin yanka domin yana son ganin abin da ke can ciki, wannan ba aibi ba ne, kuma bai kamata a haɗa shi a layi ɗaya da silaid ɗin da aka mayar saboda ya naɗe ko wuƙa ta tsaga shi ba. Ku rubuta waɗannan ma'anoni a shafi ɗaya, likitoci da ma'aikata su sa hannu, kafin a shigar da lamba ko ɗaya.

Dalilan sake yanka su zama jeri tsayayye da ake zaɓa daga ciki, kada a bar wa kowa fili ya rubuta yadda ya ga dama, domin abu ɗaya zai fito da sunaye biyar kuma ba za a iya ƙirga shi ba. Takwas ko goma sun wadatar: naɗewa, tsagar wuƙa, kaurin yanka, yankan da bai kai cikakkiyar fuskar tsoka ba, tsokar da ba ta sarrafu ba, kuskuren kwantar da tsoka a kaki, rinin da ya kode ko ya yi duhu, kumfa a ƙarƙashin murfin gilashi, da ɓarɓashin tsokar wani da ya maƙale. Bayan wata ɗaya ko biyu ki jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, irin jerin da ake kira zanen Pareto. Yawanci dalilai biyu ko uku ne za su ɗauke mafi girman kaso, kuma a kansu za ki kashe ƙarfinki.

Sai batun lissafi, inda mutane da yawa ke ruɗar kansu. A ce samfur goma kuka gama, tara sun ɗauki kwana 2 kowanne, ɗaya kuma ƙashi ne da ya zauna a sinadarin narkar da kalsiyam har ya kai kwana 22. Idan aka haɗa aka raba goma, matsakaicin zai ce kwana 4, alhali babu ko samfur ɗaya da ya ɗauki kwana 4. Abin da ya fi dacewa shi ne ki jera lokutan daga ƙarami zuwa babba ki ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya, sannan ki ƙara da lokacin da kashi 90 cikin 100 na samfuran suka kammala a cikinsa, domin a wannan wutsiyar ne koken likitocin tiyata yake fitowa. Kuma ki raba rukuni: ƙananan bayofsi daban, manyan gaɓoɓin tiyata daban, ƙashi daban, waɗanda suka buƙaci rini na musamman daban.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon shugaba yana saurin firgita da lambar mako ɗaya. Saboda haka nake ba da shawarar zanen sa ido da Walter Shewhart ya ƙirƙiro a Amurka a 1924 domin masana'antar kayan tarho, wanda Levey da Jennings suka shigar da shi ɗakunan gwajin asibiti a 1950, kuma abokan aikinki na sashen gwajin sinadaran jini sun san shi sarai. Ki ɗora kason sake yanka na kowane mako a kan zane, bayan mako ashirin ko ashirin da biyar ki ja layin tsakiya da iyakokin sama da ƙasa. Hawa da saukar da ke cikin iyaka ɗabi'ar tsarin ce, ba ta buƙatar kiran taron gaggawa. Abin bincike shi ne ɗigon da ya tsallake iyaka, ko ɗigo takwas a jere a gefe ɗaya na layin tsakiya. Excel yana iya duk wannan, kuma idan bayanai suka yi yawa daga baya sai a koma manhajojin nazarin bayanai irin Power BI ko R.

Likitar Fatoloji ta amsa:

Malamai biyun da suka gabace ni sun yi bayani mai amfani, amma ina jin tsoron kada a fita daga wannan tattaunawa da tunanin cewa sauri shi ne inganci. Lokacin fitar sakamako shi ne abu mafi sauƙin aunawa, shi ya sa shugabanni suke son sa, kuma da zarar an rataye shi a bango a matsayin abin da ake yabo ko zargi a kansa, za a fara tura tsoka cikin inji kafin fomalin ya ratsa ta. Fomalin yana shiga tsoka a hankali, kusan milimita ɗaya a sa'a a farkon tafiyarsa, kuma kama tsokar da kyau yana ɗaukar lokaci fiye da shigar. Gutsuren da ya wuce kaurin milimita 3 zuwa 4 a kaset, ko mai kitse da aka gaggauta, zai fito da gefe lafiyayye da tsakiya mai laushi, mai yanka ya yi ta fama, ni kuma in ga ƙwayoyin da suka dusashe. Wannan samfurin ya cika ma'aunin sauri a ranar farko, sannan ya ci ƙarin kwanaki wajen sake sarrafawa.

Don haka akwai lokuta biyu da nake so a ƙara a jerin Malam, kuma duka biyun a ɗakin tiyata ake rubuta su: lokacin da aka cire tsoka daga jiki, da lokacin da ta shiga fomalin. Ga sankarar mama wannan ba zaɓi ba ne. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, da Kwalejin Likitocin Fatoloji ta Amurka, CAP, suka fitar a 2010 a kan gwajin ER da PR, masu nuna ko sankarar tana amsa sinadaran hormon, ta ce kada tazarar cirewa zuwa shiga fomalin ta wuce sa'a ɗaya, kuma zaman tsokar a fomalin mai kashi 10 cikin 100 ya kasance tsakanin sa'a 6 da 72. A 2013 aka daidaita ƙa'idar HER2, wani gwajin sankarar mama, da wannan tazara, bayan a baya iyakarta sa'a 48 ce. Dalilin tsaurin shi ne sakamakon waɗannan gwaje-gwaje ne ke yanke ko za a ba mara lafiya magani irin tamoxifen ko trastuzumab, kuma tsokar da ta lalace kafin a jiƙa ta tana iya nuna babu alhali akwai. Jadawali mai sauƙi da zai lissafa sa'o'in fomalin da kansa, ya canza launi idan an kusa 72, zai ceci samfuran da ke faɗawa cikin dogon hutu.

Abu na biyu, Malama, ki haɗa kowane aibi da abubuwan da suka kewaye shi. Idan an rubuta injin da kaset ya bi, da ranar da aka canza sinadarai, da yawan kaset ɗin da suka wuce tun daga ranar, za ki iya gano ko tsokar da ba ta sarrafu ba tana taruwa ne a ƙarshen rayuwar alkohol. Alkohol na ƙarshe idan ya sha ruwa, zailin ba zai iya aikinsa ba domin ba ya gauraya da ruwa, kaki kuma ba zai shiga ba. Ɗakunan da suka ga haka a bayanansu sukan daina canza sinadari bisa kalanda su koma bisa adadin kaset. Haka ma a rinin imuno, wato rini na musamman da ake yin gwaje-gwaje irin ER da HER2 da shi, a ajiye lambar rukunin kowace kwalba tare da sakamakon tsokar gwaji ta ranar. Kuma duk yadda bayananku na cikin gida suka yi kyau, ku shiga shirin tantancewa na waje irin UK NEQAS na Birtaniya ko NordiQC na Denmak, domin ɗaki yana iya sabawa da rininsa mai rauni har ya daina ganin rauninsa.

Shugabar Sashe ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Dakta, da ku Malamai, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. Da na fara ambata wannan shiri, wasu ma'aikata sun nuna damuwa cewa za a riƙa ƙirga bulok nawa kowa ya yanka domin a hukunta mai ƙaranci, kuma ban san yadda zan amsa musu ba tunda bakod zai nuna sunan kowa. Na biyu, ɗaya daga cikin kamfanonin yana cewa sikanar silaid, na'urar da ke ɗaukar hoton silaid ta sa shi a kwamfuta, za ta magance mana matsalar inganci gaba ɗaya. Yaya kuke gani?

Mai Nazarin Bayanai ya sake amsawa:

Damuwar ma'aikatanki tana da tushe, kuma yadda kika amsa ta ne zai nuna ko bayanan da za ki samu na gaskiya ne. Idan aka jera sunaye bisa yawan bulok, kowa zai riƙa zaɓen masu sauƙi ya bar wa wani ƙashi da tsoka mai kitse da bayofsin da ke buƙatar matakai da yawa, kuma za a daina rubuta kuskuren da aka kama kafin ya fita, alhali shi ne bayanin da ya fi kowanne daraja. Abin da ake liƙawa a bango ya zama na sashe baki ɗaya, bisa mataki da dalili. Bayanin mutum ɗaya ya tsaya tsakaninki da shi, a yi amfani da shi wajen horo, kuma kafin ki ce tsagar wuƙa ta yi yawa a hannun wane, ki duba ko a maikrotom ɗaya take taruwa ko da wane ne ya zauna a kansa. Idan rahoton kura-kurai ya ƙaru a watannin farko, kada hukuma ta ɗauka aiki ne ya lalace, domin sau da yawa alama ce ta cewa an fara rubuta abin da a da ake gyarawa a ɓoye. Gara ki faɗa musu haka tun kafin lambobin su fito.

Sikana kuwa kayan aiki ne na gaske, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da irinta domin gano cuta kai tsaye a watan Afrilun 2017, lokacin da ta ba na'urar Philips IntelliSite izini. Amma hoton abin da aka sa mata take ɗauka. Naɗewa da kumfa da kaurin yanka, waɗanda likita yake kauce musu ta hanyar juya madubi, su ne ke sa hoto ya dusashe har a sake ɗauka, sannan ita kanta ƙarin mataki ce tsakanin rini da likita. Hoton silaid ɗaya da aka ɗauka da madubi mai ƙara girma sau 40 yana iya kai gigabait ɗaya ko fiye, kuma ba tare da bakod ba babu amintacciyar hanyar haɗa hoto da mai shi. Inda take taimaka wa inganci shi ne bayan an kafa ta, domin manhajoji na kyauta irin HistoQC suna iya bin hotuna su nuna dusashewa, naɗewa da sauyin launin rini daga rana zuwa rana. Ki ajiye ta a mataki na gaba, bayan lokuta da bakod sun zauna.

Kafin ki fara, ki tabbatar lambar ɗakin gwaji kawai ke shiga jadawalin, ba sunan mara lafiya ba, kuma fayil ɗin ya zauna a kwamfutar asibiti, kada ya bi wayar kowa. Sannan ki sa a daidaita agogon ɗakin tiyata, na wurin karɓa, na injin sarrafawa da na kwamfutoci su zama ɗaya. A ƙarshen makon farko ki tace jadawalin ki nemo duk layin da tazararsa ta fito ƙasa da sifili, wato samfurin da ya nuna an yanka shi kafin a karɓe shi, ki bi kowanne zuwa takardarsa ki ga ko agogo ne, ko kuskuren shigarwa, ko wani yana cike lokutan daga ƙwaƙwalwarsa bayan an tashi aiki.